Lahadi Uku A Kan Ƙwai: Yadda Ake Kula Da Kaza Mai Kwanci

Da wuya ka shiga wani gida a ƙasar Kurfi ko ta Dutsin-Ma, na Kirista ne ko na Musulmi, ka rasa kaza tana tono a gindin rumbu. Shanu na maigida ne, tumaki da awaki ma sau da yawa sai an yi shawara da shi kafin a kai su kasuwa, amma kaza dai ta uwargida ce. Ita ake kamawa in yaro ya kwana da zazzaɓi babu kuɗin magani, ita ake sayarwa a cike kuɗin makaranta, ita ake yanka wa baƙo, ita ce kuma gwauruwa takan rungumo ta kai majami'a ranar godiyar kaka in ba ta da damin da za ta bayar.

A shekarun da suka biyo bayan 2015 darajar kaza ta ƙara fitowa fili a wannan yanki. Satar shanu da hare-haren 'yan bindiga da suka addabi ƙasashen da ke bakin Dajin Rugu, kamar su Safana da Batsari da Ɗanmusa, sun taɓa ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi su ma. Gidaje da dama sun rasa shanun huɗa da ƙananan dabbobi, waɗansu kuma suka baro gonakinsu suka dawo cikin gari. Wanda ya rasa garken shanu ba ya mai da shi a shekara guda. Amma mai kaza biyu da zakara ɗaya, in ya san abin da yake yi, kafin shekara ta zagayo ya tara abin da zai sayi tunkiya.

To, ga abin tambaya. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta kwanta a kansu, takan kuma yi haka kamar sau 3 a shekara. Ashe ke nan kaza ɗaya tana iya ba mai ita 'yan tsaki wajen 30. Me ya sa gidan da ke da kaji 5 bara, bana ma 5 ɗin ne? Amsar tana wuri biyu: cikin gurbi, da kuma makonnin farko na rayuwar ɗan tsako. A nan dukiyar take zurarewa, a nan ne kuma za a toshe.

Mene Ne Kwanci?

Kwanci hali ne da Mahalicci Ya dasa a jikin kaza. In ta gama zuba ƙwanta, jikinta yakan fitar da wani sinadari da masana ke kira furolaktin, shi ne ke tsai da yin ƙwai ya sa mata sha'awar kwanciya. Alamun ba su ɓuya. Za ta kwana a gurbi maimakon ta hau inda ta saba kwana. In ka miƙa hannu sai ta kumbura gashinta, ta yi gurnani, ta kai maka sara. Muryarta takan canja. In ka ɗaga ta kuma za ka ga gashin ƙirjinta ya zube, domin fatarta ta riƙa taɓa ƙwan kai tsaye.

Ƙwai yana bukatar zafi wajen digiri 37 da rabi a ma'aunin santigiret, dare da rana har kwana 21, da 'yar laima, da iska, da kuma juyawa sau da yawa a yini. Duk waɗannan kaza takan yi su da kanta. Akwai injin ƙyanƙyasa mai yin wannan aiki, Misirawa ma sun fi shekara 2,000 suna ƙyanƙyasar ƙwai a ɗakunan ƙasa da ake ɗumamawa da wuta. Amma inji yana son lantarki marar yankewa ko janareto, kowa kuwa ya san inda kuɗin mai ya kai tun da aka janye tallafi a 2023. Kaza ba ta neman ko ɗaya. Hatsi tafi guda da ruwa a kasko sun ishe ta.

Sai dai a lura, ba kowace kaza ke kwanci ba. Kajin gidan gona masu yawan ƙwai, irin su Shika Brown da Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta fitar, an zaɓo su ne domin ƙwai, don haka ba safai suke kwanci ba. Saboda haka wadda ta sayar da kajinta na gida duka ta sayo na gona, ta sayar da injinta ke nan.

Zaɓen Kaza Da Zaɓen Ƙwai

Kada a yi garaje a zuba wa kaza ƙwai ranar da ta fara nuna alama. A bar mata ƙwai ɗaya ko biyu da aka dafa aka yi wa alama, a gani ko za ta kwana biyu ko uku a kansu ba ta tashi ba. In ta yi haka, kwancin gaske ne. Kazar da ta taɓa ƙyanƙyasa ta kuma yi reno da kyau ta fi sagara wadda ba ta taɓa yi ba. Ramammiya ko mai alamar ciwo kuwa ba a ba ta ƙwai, gama kwanci yana cin jiki ƙwarai.

Game da ƙwan kansa, abu na fari shi ne zakara. Ƙwan da babu zakara a bayansa ba ya ƙyanƙyashewa ko an shekara a kansa, shi ya sa ƙwan kiret na kanti ba ya yin komai a gurbi. Zakara ɗaya lafiyayye ya isa kaji 8 zuwa 10. Yana da kyau a canja shi bayan shekara ɗaya ko biyu, domin in ya riƙa barbarar 'ya'yansa da jikokinsa iri yakan lalace, 'yan tsaki su riƙa fitowa raunana. Musanyar zakaru tsakanin maƙwabta ba ta cin ko kwabo.

Abu na biyu shi ne shekarun ƙwan, wato kwanakinsa. A nan ne yawancin ɓaragurbi ke samuwa. Abin da aka saba shi ne a bar kaza ta tara ƙwanta a gurbi ɗaya bayan ɗaya har mako biyu ko fiye. Kafin ta kwanta, na farkon ya daɗe yana shan zafin rana da sanyin dare, ɗan da ke ciki ya soma girma ya tsaya, ya mutu. Abin da ya fi shi ne a riƙa kwashe ƙwan kullum da yamma, a bar mata guda mai alama don kada ta canja gurbi. A rubuta ranar da fensir ko gawayi a jikin kowane ƙwai. A jera su cikin kasko mai yashi ko ƙaiƙayi, tsinin yana kallon ƙasa, a ajiye a gindin randa ko wani wuri mafi sanyi a ɗaki. Ranar da za a zuba wa kaza, a zaɓi waɗanda ba su wuce kwana 7 ba, in an matsa 10. Tsofaffin a ba yara su ci, ba a yi hasara ba.

Abu na uku shi ne siffa. A bar wanda ya tsage, da mai ɓawo sirara, da ƙarami ainun, da babba ainun, da wanda kashi ya ɓata. Kada a wanke ƙwan kwanci da ruwa. Akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa kuwa yana wanke shi.

Sa'an nan yawa. Kazar gida ƙarama ce, ƙwai 8 zuwa 10 ne daidai ita, babba kuma ta ɗauki 12. Ma'aunin shi ne, in ta kwanta kada a hangi ƙwai ko ɗaya ta gefen fiffikenta. Haɗama a nan tana da tsada, domin kaza tana juya ƙwanta, na tsakiya ya koma gefe, na gefe ya dawo tsakiya. In sun yi mata yawa, kowanne sai ya sami rabonsa na sanyi, a nemi 16 a tashi da 4.

Gyaran Gurbi

Kaza in an ƙyale ta sai ta zaɓi ƙarƙashin rumbu, ko bayan tukwane, ko cikin tarin kara. Duhu da shiru take nema, amma wuraren nan su ne hanyar ɓera da gafiya da tunku da maciji. Ya kamata a yi mata wurinta dabam. Tsohuwar tukunya mai faɗin baki, ko kwando, ko fasasshen kwatarniya duk sun isa. A zuba yashi ko ƙasa a ƙasan, a barbaɗa toka, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai laushi da busasshen ganyen darbejiya, wadda mu a nan Katsina muke kira bedi. A yi shi da ɗan zurfi kamar ƙwarya don kada ƙwan ya gangara. A sa shi a lungu mai inuwa inda iska ke shiga, inda ruwan sama ba ya zuba, inda kuma za a iya rufewa da dare.

Toka da bedin nan saboda ƙuma da ƙwarƙwata ne. Su ne manyan abokan gāban kaza mai kwanci. Sukan taru a gurbi su sha jininta dare da rana, har ta gaji ta gudu ta bar ƙwan saura kwana kaɗan, wata ma a tarar da ita a mace a kai. Sau da yawa in ka ji an ce kaza ta yi yaji ba dalili, ɗaga shimfiɗar ka duba. Kafin a ba ta ƙwai a shafa mata toka a ƙarƙashin fukafukai da gindin wutsiya. In abin ya yi yawa a sayi hodar ƙwari ta kaji a wurin masu maganin dabbobi. Kada a kuskura a fesa mata maganin feshin gona. Bayan kowace ƙyanƙyasa a ƙone tsohuwar shimfiɗa.

In za a ɗauke ta daga inda ta zaɓa zuwa sabon gurbi, da dare ake yi, a kife ta da kwando yini guda har ta saba. A kuma raba ta da sauran kaji, domin in sun sami hanya sukan hau su ƙara mata sabon ƙwai, a yi ta turereniya har waɗansu su fashe. Wannan ne ma amfanin alamar gawayi: duk ƙwan da aka gani babu alama, baƙo ne, a cire shi.

Lahadi Uku

Mu da muke lissafin mako da ranar sujada, muna da hanya mai sauƙi ta riƙe kwanakin nan 21. A zuba wa kaza ƙwanta duka a lokaci ɗaya, ran Lahadi da dare. Kada a ƙara ko guda bayan haka, gama wanda aka ƙara daga baya ba zai fito tare da 'yan'uwansa ba, uwar kuwa ba za ta jira shi ba.

Lahadi ta fari, kwana 7 ke nan, ranar dubawa ce. Da dare a shiga ɗaki mai duhu da tocila, a naɗe kwali kamar mazurari a bakinta, a ɗora ƙwan a kai. Mai rai za a ga ɗan baƙin ɗigo a ciki da jijiyoyin jini sun bazu kamar saƙar gizo-gizo. Wanda babu komai zai yi haske tas. Wanda ya soma ya mutu kuma za a ga jan zobe ya kewaye shi. A yi aikin da sauri da hannu mai tsabta, a mai da su kafin su huce. Wanda aka yi shakka a kansa a yi masa alama a bar shi.

Lahadi ta biyu, kwana 14, a sake dubawa. Yanzu mai rai ya yi duhu kusan duka, sai 'yar jakar iska da ke haske a gefen mai faɗi. Duk wanda bai yi haka ba a fitar da shi a binne. Ɓaragurbi in ya daɗe a gurbi yakan fashe, ya ɓata sauran da ruɓa, warinsa kuma ya kira ƙudaje da tururuwa.

Daga kwana na 18 a daina taɓa ƙwan sam. Lahadi ta uku kuwa, ko kwana ɗaya kafinta ko bayanta, za a fara jin kukan 'yan tsaki.

A duk tsawon makonnin nan kaza takan tashi sau ɗaya a yini, na kamar minti 15 zuwa 30, ta ci, ta sha, ta yi kashi, ta yi birgima a ƙasa ta koma. Wannan ba laifi ba ne, ƙwan ma yana shan iska a lokacin. Abin da ke ɓata kwanci shi ne ta tashi ta rasa abinci a kusa, ta shiga yawon tono har ƙwan ya yi sanyi. Don haka a ajiye mata gero ko dawa ko masara da ruwa mai kyau taku kaɗan daga gurbin, da ɗan tarin toka da yashi na birgima. In an ga ta kwana biyu ba ta tashi ba, a ɗaga ta a hankali a ajiye ta gaban abincin.

Da hunturu da bazara iskar ƙasarmu takan bushe ƙwarai, fatar cikin ƙwan ta yi tauri ɗan tsako ya kasa yage ta. Maganin wannan shi ne a riƙa yayyafa ruwa kaɗan a ƙasar da ke kewaye da gurbin, musamman a makon ƙarshe. Ƙasar ake jiƙawa, ba ƙwan ba.

Ranar Fitowa Da Makonni Shida Na Fari

Ɗan tsako yakan huda ɓawo, sa'an nan ya huta. Daga hudawa zuwa fitowa yana iya ɗaukar yini guda cur. A ja wa yara kunne, manya ma su kama kansu, kada kowa ya ce zai taimaka masa da ɓare ɓawon. Jijiyoyin jininsa ba su gama janyewa ba, in aka ɓare sai ya zubar da jini ya mutu. Kada kuma a damu da ba shi abinci a ranar, domin kafin ya fito ya shanye sauran gwaiduwa a cikinsa, tana kuwa riƙe shi har kwana biyu. A bar uwar ta gama. In ta tashi da 'ya'yanta, ƙwan da ya rage bayan kwana biyu a kwashe.

Daga nan ne babbar hasara take farawa. Binciken da aka yi a ƙauyukan ƙasashen Afirka da dama ya nuna cewa inda ake sakin kaza da 'ya'yanta su yi ta yawo, rabin 'yan tsakin ko fiye ba sa kai wata biyu. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. To, bayan shirwa akwai shaho da hankaka da muzuru, ga raɓa da ruwan marka, ga kwata da rijiya, ga kuma yunwa, domin uwa mai dogon taku takan gajiyar da su.

Maganin bai wuce babban kwando ko ɗan akurki na kara da za a iya ɗagawa ba. A tsare uwa da 'ya'yanta a ciki mako 4 zuwa 6, ana matsar da shi zuwa sabon wuri mai tsabta kullum, da safe a rana, da tsakar rana a inuwa. Ruwa a kasko marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe. Abinci kuwa, tsakin gero ko na masara shi kaɗai ba ya gina jiki. A haɗa da dakakken ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, ko soyayyen waken suya da aka niƙa, da ɗan garin zogale, da dafaffen ƙwai a kwanakin farko. Waɗanda ke kusa da madatsar ruwa ta Zobe suna da wata gata, wato ƙananan kifi da ɓurɓushin busasshen kifi da masunta ke zubarwa. A shanya a daka, kaɗan ya isa. Hatsin da ya yi fumfuna kuwa guba ne gare su.

Kada a manta da dabarar kakanninmu ta tukunyar gara. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta da yamma a kan hanyar gara nesa da ɗaki. Da safe a juye wa 'yan tsaki. Wannan abinci ne mai sa su girma, kuma kyauta ne.

Ƙwan Zabi A Ƙarƙashin Kaza

Zabuwa tana yin ƙwai da yawa da damina, amma ba ta iya reno ba. Takan ɓuya a ciyawa, in ma ta ƙyanƙyashe sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa su mutu. Shi ya sa tun da daɗewa manoman ƙasar Hausa ke ba kaza ƙwan zabi. Shi kwana 26 zuwa 28 yake yi, wato Lahadi huɗu. In ana so a haɗa shi da na kaza a gurbi ɗaya, sai a fara sa na zabin, bayan mako guda a ƙara na kazar, su fito tare. Ƙwan talo-talo ma kwana 28 ne, na agwagwar gida kuwa 35. A sayi ƙwan zabi na kwanci a hannun mai kiwon da aka sani, ba wanda ya sha rana da jijjiga a tasha ba. 'Yan zabi sun fi 'yan tsaki rashin jimirin sanyi da jiƙa, don haka kwandon nan dole ne a gare su.

In Ba A Son Kwancin

Wani lokaci kaza takan yi kwanci alhali babu ƙwai mai kyau, ko kuwa lokacin bai dace ba. In an bar ta sai ta yi makonni a kan gurbi wofi, tana ramewa ba ta yin ƙwai. Waɗansu sukan tsoma ta a ruwa, ko su ɗaure ta da ƙafa ɗaya, ko su hana ta abinci. Wannan azaba ce kawai, ba ta kuma dace da mai tsoron Allah ba. Abin da za a yi shi ne a kwashe ƙwan da shimfiɗar, a sa ta a kwando mai ramuka da aka ɗaga sama yadda iska za ta riƙa ratsa ƙarƙashinta, a wuri mai haske, da abinci da ruwa isasshe. Cikin kwana 3 zuwa 5 zafin kwancin yakan sauka.

Mai kaji da yawa kuma tana iya yin wata dabara. In biyu ko uku sun yi kwanci kusa da kusa, a riƙe na farkon da dafaffen ƙwai na 'yan kwanaki, a zuba musu duka rana ɗaya. In sun ƙyanƙyashe, da dare a haɗa 'yan tsakin a ƙarƙashin wadda ta fi iya reno, gwargwadon abin da za ta iya rufewa, sauran a ciyar da su sosai su koma yin ƙwai. Amma kada a sa kaza ɗaya ta yi kwanci fiye da sau biyu a jere.

Lissafin Lokaci

Kazar gida tana bukatar wata 5 zuwa 6 kafin ta isa yanka ko sayarwa. Wanda ke son kajin Kirsimeti, to, lissafinsa daga farkon damina yake farawa. Ƙwan da aka zuba ran 1 ga Yuni zai fito wajen 22 ga Yuni, ya cika wata 6 ana saura kwana uku Kirsimeti. Lokacin kuma ya dace, gama zafi ya sauka, ga ƙwari da ɗanyar ciyawa. Kwancin kaka ma yana da kyau saboda yalwar hatsi. Wanda ya fi wuya shi ne na bazara, watannin Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40, ƙwai ya lalace tun kafin a zuba shi. Ƙwan bazara gara a ci ko a sayar.

Amma duk wannan wahala tana iya tafiya a mako guda in cutar nan da ake kira fakat ta shigo. Likitoci suna kiranta Niyukasal, da sunan wani gari a Ingila inda aka gane ta a tsakanin 1926 da 1927. Alamunta su ne gyangyaɗi, da sakin fukafukai, da koren zawo, da numfashi da ƙyar, da murɗewar wuya. Ta fi ƙarfi da hunturu, daidai lokacin da kaji ke yawo daga kasuwa zuwa kasuwa saboda bukukuwa. Ba ta da magani in ta kama, barkono da kafso ba sa kashe ta. Riga-kafi ne kaɗai. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin maganin riga-kafin, har da irin da ake kira I-2 mai jimirin zafi, wanda ake ɗiga wa kaza ɗigo ɗaya a ido. Ana maimaitawa duk bayan wata 4, ɗaya daga ciki kuma ya faɗo a Oktoba kafin iskar hunturu ta taso. Lafiyayyu ake yi wa, manya da 'yan tsaki. Sabuwar kaza daga kasuwa, ko ta kyauta ce, a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. In kuwa kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, kada a ci, kada a kai kasuwa, a sanar da malamin dabbobi, domin murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a Nijeriya a 2006 ita ma haka take kama, tana kuma iya taɓa mutum.

Inda Ikkilisiya Za Ta Shigo

Kwalbar riga-kafi ɗaya tana isar kaji 50 ko 100 ko fiye, in an haɗa ta kuma ba ta daɗewa. Gida ɗaya ba shi da wannan yawa, amma Zumuntar Mata ɗaya tana da shi. Abin da ake bukata shi ne a yi karo-karo, a nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, ko a tuntuɓi masana aikin gona na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, a koya wa matasa biyu ko uku yadda ake ɗigawa. A sanar a majami'a cewa rana kaza kowa ya kwana da kajinsa a rufe. Masu ɗigawa su bi gida gida, kada a tara kajin wuri ɗaya. A haɗa da maƙwabtanmu Musulmi, gama cuta ba ta san katanga ba, kazar maƙwabci in ta kamu taka ma ta kamu.

Haka kuma zumunta tana iya ba gwauruwa ko iyalin da aka raba da ƙauyensu kaza mai kwanci da ƙwai 10, da sharaɗin in sun girma ta miƙa sagara biyu ga wata. Taimako ne da ba ya zubar da mutuncin mai karɓa, gama ita ma gobe mai bayarwa ce.

Littafin Karin Magana sura 27 aya 23 yana gargaɗin mai dabbobi ya san halin da garkensa ke ciki. Bai ware mai shanu ɗari daga mai kaza uku ba. A Matiyu 23:37 kuma, sa'ad da Ubangijinmu Yesu ya so ya nuna irin ƙaunar da yake yi wa mutanen Urushalima, da kaza da 'yan tsakinta ya yi misali. Halittar da Mai Ceto ya ga ta isa ya kwatanta kansa da ita, ba ta cancanci a bar ta ga ƙuma da shirwa ba. Mu gyara mata gurbi, mu zaɓa mata ƙwai, mu ƙirga mata Lahadinta uku, mu tsare mata 'ya'yanta. Allah Ya sa albarka a aikin hannuwanmu, Ya kuma ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.